Baba Shiru da Kunnen Aro

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Baba Shiru ya riga ya share gaban garejinsa, ya jera sifanoni a kan tsohon buhu daga ƙarami zuwa babba, ya zauna a kan kujerar motar da ya ciro tun zamanin da gashin kansa yake baƙi. Ba ya kunna rediyo. Maƙwabcinsa mai faci, wanda ba ya iya minti ɗaya bai buɗe baki ba, ya ce zama kusa da Baba tamkar zaman ɗakin jarrabawa ne. Sunan ma daga nan ya samo asali. Duk motar da aka turo masa tana gurnani ta ƙi tashi, kafin ya taɓa ko ƙusa ɗaya sai ya ɗaga hannu ya ce, "A yi shiru!" Da mai mota, da masu turi, da 'yan kallo, kowa sai ya haɗiye maganarsa.

Karatunsa ba shi da tsawo. Yakan ce in batir na da ƙarfi, sitata na juya inji, amma mota ta ƙi kamawa, to ɗayan uku ne ya yi yaji: wuta, ko mai, ko iska. Aikin bakanike shi ne ya gano wanda ya tafi, ba ya hau canza kaya yana fatan dacewa ba. Direbobin da suka san shi sun shaida ba ya sa a sayi abin da bai mutu ba. Wani mai tasi ya taɓa zuwa da sabbin fulogai a leda, ya tabbatar su ne matsalar. Baba ya zaro tsumman da wani ya manta a bakin bututun iska, ya miƙa masa, ya ce ya mayar da fulogan, wannan kuma ya riƙe na goge gilashi.

A bana ne zai ajiye sifana, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kunnen da ya ci abinci da shi shekara da shekaru ya fara ja da baya. Matarsa ta ce sai ta kira shi sau uku yake waiwayowa, ko da yake ta ƙara da cewa tun yana saurayi haka yake in zancen cefane ne. Shi dai abin yana cinsa a rai, ba ya kuma son a gani.

Ana cikin makonsa na ƙarshe aka turo masa wata mota ta hannu, fara, mai layin kujeru uku. Mai ita mace ce da yaran unguwa ke kira Anti Direba, don ita ke kwasarsu zuwa makaranta ta dawo da su. Da wannan motar take riƙe gidanta tun da ciwon baya ya kwantar da mijinta. Kwana biyu ke nan motar na yi mata gardama, iyayen yara kuwa sun gaya mata a fili cewa in gobe ma ba ta zo ba, za su nemi wata motar. Ƙanin mijinta ne ya taya ta turi, yana haki yana yanke hukunci.

"Baba, injin nan ya buga. Na gaya mata ta sayar wa masu sayen ƙarafa ta huta."

"Kai ka buga shi?" in ji Baba.

"A'a."

"To bari mu tambaye shi da kansa."

Anti ta ce an sa ta canza batir, an sa ta ƙara mai, wani ma ya ce a tura ta da baya. Sannan ta ce, "Baba, in motar nan ba ta fita gobe ba, ban san abin da zan ce wa mutumin da ke kwance a gida ba."

Baba ya buɗe bonet. Ya zare wayar fulogi ɗaya ya kusantar da ita jikin ƙarfe, ya ce Anti ta murza makulli. Wuta ta yi tsalle, shuɗiya tas. Ya duba matatar iska, ba abin da ya toshe ta. Ya kwance fulogin ya kai hanci: a bushe yake ƙayau, ko ƙanshin fetur babu. Ga mai a tanki, amma ba ya isowa inji. Saura a ji ko famfon da ke turo man yana aiki, kuma wannan aikin kunne ne. Idan aka murza makulli rabi, ba a kai ga tayarwa ba, famfon yakan yi ɗan guntun kuka daga ƙarƙashin kujerar baya, sannan ya yi tsit.

Ya ɗaga hannu. "A yi shiru!"

Aka yi. Ya durƙusa ya kafa kunne a kujerar, Anti ta murza. Bai ji komai ba. Sai dai bai san ko famfon ne ya yi shiru ko kunnensa ba. Wani a matsayinsa da sai ya miƙe ya ce famfo ya mutu, a sayo sabo, ba mai kama shi. Baba kuwa sai ya ɗago ya dubi matar.

"'Yata, nawa kunnen ya yi ritaya kafin ni. Ara mini naki."

Mai faci, da ke leƙe, ya ce wannan ne karon farko da ya ga an zo gyaran mota an sa mai ita aiki. Baba bai kula shi ba, watakila ma bai ji ba. Ya ja Anti zuwa wata lafiyayyar mota da ke gefe, ya sa ta durƙusa, ya murza makulli rabi. Ta ce ta ji wani abu kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ya ce to shi ake nema. Suka koma tata, ta kasa kunne, ya murza, ta girgiza kai.

Ya duba fis ɗin da ke ba famfon wuta, lafiyarsa lau. Sai ya sa hannu ya ɗage kujerar gaba ɗaya, kowa ya ja da baya. Garin biskit, guntayen fensir, safa ƙafa ɗaya, murfin gora, da wani danƙo mai ɗaukar yatsa, na lemon da yara suka yi ta zubarwa. Lemon ya bi ta gefen murfin ƙarfen da ke saman tanki ya sauka kan soket ɗin famfo, ya ci shi har ya yi kore.

"Injinki bai buga ba," in ji Baba. "Fasinjojinki ne suka shayar da shi."

Ya kankare tsatsar da ƙaramin buroshi, ya busar, ya matse bakin wayoyin, ya mayar. Ya sake ɗaga hannu, Anti ta sake durƙusawa. Da ya murza, sai ta yi zumbur har kanta ya bugi rufin mota.

"Ya yi! Wallahi ya yi kuka!"

Murzawa ta gaba motar ta kama, ta yi tari sau ɗaya ta daidaita. Anti tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ƙanin mijin ya ce shi dama ya yi zargin wayoyi. Baba ya shimfiɗa mata leda mai kauri a ƙarƙashin kujerar, ya kafa doka: ba shan lemo sai an sauka.

Baba, kai ne ka nuna mana cewa gwani ba ya jin kunyar faɗin inda ƙarfinsa ya tsaya. Kai ne mai tambayar mota kafin ka yanke mata hukunci. Ranar da kunnenka ya gaza, ba ka rufe da ƙarya ba, ka ɗauki abin da ka sani ka zuba a kunnen wata, ta tafi da shi gida. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiya. Masu gyara da ke tasowa, na mota ne ko na wani abin, ku saurara kafin ku kwance, ku gano kafin ku ce a sayo.

Yanzu Baba yana zama a ƙofar gidansa da safe, kuma farar motar ta wannan layin take bi. Yaran sukan leƙo ta taga su kwarara masa gaisuwa, shi kuma ya ɗaga hannu ko ya ji ko bai ji ba. Iyayensu sun ce wani sabon abu ya shigo: kullum kafin a tashi, Anti takan murza makulli rabi ta ce, "A yi shiru!" Sai mota cike da yara ta yi tsit, kowa ya baza kunne, har a ji ɗan kukan nan daga ƙarƙashin kujera. Wata uwa ta ce ita a gida ba ta taɓa samun wannan shirun ba, tana neman a tambayar mata Baba ko yana gyaran yara.