Takun Don Arcesio

A garinmu La Cuchilla ba mu taɓa auna filin ƙwallon yara da igiya ba. Da ƙafar wani dattijo, Don Arcesio Buriticá, muke aunawa. Tun yana saurayi aikinsa kora alfadarai ne da buhunan kofi daga kan duwatsu. Dogo ne kamar gora, kuma a zamaninsa idan ya sa kai babu mai iya jerawa da shi. Duk shekara idan kakar kofi ta zo, sai a tuge sandunan raga, a shimfiɗa tamfol a filin ana shanya. Da an kwashe, zai fito da gwangwaninsa na farar ƙasa, ya jingina baya da katangar makaranta, ya yi taku ɗari da goma a tsawo, saba'in a faɗi, ya ja layi, a kafa raga inda ya tsaya. Shekara talatin da huɗu haka ake yi. Ba ya yarda kowa ya taɓa gwangwanin nan, kuma na taɓa ganin ya fatattaki limamin cocinmu don ya taka masa layi.

Filin nan shi ya haɗa mu. Mutanen da ba sa ga-maciji a kan iyakar gona, ran Lahadi za ka gan su a benci ɗaya suna yi wa alƙalin wasa tas. Ni kaina ban san ina da murya ba sai da 'yata Yuliana ta zama mai tsaron raga. Bayan ragar da ke can ƙarshen fili kuwa nan ne dandalinmu: rumfar Doña Rubiela mai suyar empanada (wani irin fanke mai nama a ciki), bencinan iyaye, da ɗakin kwanon da muka haɗa hannu muka gina don yara su riƙa sauya kaya.

Bana yaranmu suka kai wasan kusa da na ƙarshe, aka ce a gida za mu buga, abin da ba a taɓa yi ba. Ran Alhamis sai ga wani matashi a kan babur daga ofishin shirya gasar, da tef ɗinsa na awo. Ya auna, ya ɓata fuska, ya sake aunawa.

"Baba, wa ya auna filin nan?"

"Ni ne," in ji Don Arcesio. "Da magana?"

"Mita sittin da takwas ne. Ƙa'ida ta ce aƙalla casa'in."

"Tef ɗinka ne ya lalace, yaro. Tun kana goye nake auna wurin nan."

Ludayi ya faɗi daga hannun Doña Rubiela. "Wayyo Allah! To ina sauran filin ya tafi? Sace shi aka yi?"

Nan take aka fara kallon-kallo, har an soma ambaton sunayen masu gonakin kusa. Sai mijin Rubiela ya dafe kai. "Ku tsaya. Da muna yara, ba a gindin gwaibar can raga take ba?" Muka waiwaya gaba ɗaya. Ga gwaibar can nesa, bayan rumfa, bayan ɗakin kwano, bayan komai.  Ashe duk shekarun nan a kan filin muke zaune.

"Ku matsa ku gani," in ji Don Arcesio cikin fushi. Ya koma jikin katanga, ya fara taku yana ƙirgawa da ƙarfi. Ranar ce muka fara kallon ƙafafunsa maimakon layinsa. Jan su yake yi, kaɗan-kaɗan, da ƙyar ɗaya take wuce ɗaya. Ɗari da goma ta cika daidai a kan layinsa, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Ya juyo yana jiran mu ba shi gaskiya, ya tarar da mu baki buɗe. Wallahi hawaye na yi.

Matashin ya ce ko a gyara kafin Asabar, ko a kai wasan garin abokan karawa. Ban taɓa ganin La Cuchilla ta yi aiki irin na Juma'ar nan ba. Maza suka kwance ɗakin kwano, mata suka kwashe benci, Rubiela da hannunta ta tuge rumfarta tana masifa: "Shekara tara ina suya a gaban raga, ba wanda ya hura mini usur!"

Safiyar Asabar aka ja igiya bisa awon tef, saura layi, amma babu Don Arcesio. Ni da Rubiela muka tafi gidansa. Gwangwanin yana ajiye a bakin hanya don duk mai so ya ɗauka, shi kuma yana zaune a baranda. Muka gaishe shi. Shi kuwa matarsa Doña Herminda yake kallo.

"Herminda, tun yaushe nake tafiya haka?"

"An daɗe, tsoho."

"Kuma ba ki faɗa mini ba?"

"Shekara goma ke nan ina rage sauri a hanyar coci don kada in wuce ka."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Sannan ya ce ta miƙo masa hularsa, ya ce mini in ɗauko gwangwanin. Da zai sauka daga baranda, sai ya miƙa wa Herminda hannu ta riƙe.