Kafet ɗin jirgin Sani a masallaci

Jikata Hafsat ce ke rubuta min, ni ban iya ba.

Ɗana Sani, mai tuƙa jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido a dam ɗin Tiga, ya ciro kafet ɗin jirgin ya kawo min wanki. Maigidansa ya ce in bai mayar gobe ba, kada ya koma aiki.

Na goge shi da burushi da omo, na ɗauraye. Tsakar gidanmu ba rana, sai na sa aka shanya a katangar masallaci.

Bayan la'asar sai ga ladan da sallama.

"Hajiya, Allah ya kai ladan kabarin mijinki. Mun shimfiɗa kafet ɗin sadakar, har mun yi masa addu'a."

Na ce, "Malam Ado, na jirgin ruwa ne. Ba ku ga maɓallan gefensa ba?"

Ya ce, "To addu'ar fa?"

Na ce, "Ita ku bar masa."

To a ji. Malam Ado ya naɗo kafet kafin magariba, Sani ya mayar da shi. Ni kuma masallaci yana bi na bashin shimfiɗa, zan aika da dardumar mijina.

Masu ilimi ku faɗa min, addu'ar kuskure tana isa?