Shafin Inna da Ya Ƙi Buɗuwa

Duk sanda na rubuta sunan shafin na danna, buhunan taki ne suke fito mini. Shafin wani mai sayar da taki ne a Babura, da hotonsa yana dariya a gaban shago. Kwana uku ina kallon haƙoran mutumin nan, har na tsane shi, alhali bai yi mini komai ba.

Kwamfutar ta yayana ce. Sana'arsa gina wa mutane shafukan intanet, kuma kafin ya ɗora kowanne a waje yakan gwada shi a cikin kwamfutarsa. Akwai sabar a ciki, wato manhajar da ke miƙo shafi idan an kira sunansa. Sabar ɗaya ce, amma ya ba kowane shafi sunansa da jakarsa. Ni aikina buga takardu a sakatariya, ɗan abin da na sani a gefensa na tsinta.

Bayan rasuwarsa na ga wata jaka a kwamfutar da ya sa wa suna Inna. Ya taɓa gaya mata yana haɗa mata hotunan gonarmu ta Gwiwa. Ya yi aikin, bai kai ga raɗa wa shafin suna a sabar ba, kuma ba ya buɗuwa sai ta nan. An yi addu'ar arba'in, Inna za ta koma Gwiwa ranar kasuwa, ga shi ba ta da wayar kallon hoto. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ta dai ce, "Auta, abin da yayanka ya ce, in gani kafin in tafi."

Na buɗe fayil ɗin da ya jera shafukansa. Na kwafi na mai taki layi bayan layi, na canza suna, na canza hanyar jaka. Na je ɗaya fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta cewa wannan suna na cikin gida ne, kada ta fita nema, na ƙara layi. Na adana. Taki. Na goge, na sake. Taki.

Ana gobe tafiya na ɗauki kwamfutar na kai wa abokin yayana mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Kazaure. Mutumin kudu ne, Kirista, ya fi ni jin Hausar kasuwa. Ya duba rubutuna a nutse.

"Ƙanena, ai babu kuskure. Ka tsayar da sabar ka sake tayar da ita?"

Na ce a'a.

"To yaya za ta san da sabon suna? Sau ɗaya take karanta fayil ɗin, lokacin tashi. Duk sunan da ba ta sani ba, na farko a jeri take ba ka. Shi ya sa mai taki ya zama surukinka."

Ya kai hannu zai danna. Na riƙe masa hannu.

Gaskiyar ita ce na san da wannan. Na sha ganin yayana yana yi. Amma ranar da aka kai shi asibiti rufe murfin kwamfutar kawai ya yi, bai kashe ta ba. Tun ranar nake yi mata caji, in babu wuta in kai ta gidan maƙwabci mai sola. Koriyar alamar da ke nuna sabar tana aiki, shi ya kunna ta. Kwana uku ina jin haushin na'ura, ina neman wata hanya, don kada in taɓa wurin.

Mai gyara ya janye hannunsa. Ya ce, "Kai za ka yi. Ka tafi da ita gida."

Da safe mai babur ya riga ya ɗaure kayan Inna, yana ta latsa hon. Na zauna kusa da ita a kan tabarma. Na yi bismilla, na danna. Koren ya mutu. Na sake dannawa, ya dawo. Na rubuta sunan.

Tsamiyar bakin gona ce ta fara fitowa, sai rijiya, sai Inna kanta a cikin gero, da fartanya a kafaɗa. A ƙasa akwai wurin rubutu, bai sa komai ba.

Ta kalla ta kalla. Ta ce, "Dubi yaron nan. Duk zannuwana, sai da wannan tsumman ya ɗauke ni."

Mai babur ya sake hon. Ta ɗaga murya ta ce ya jira mana. Sai ta ce in koma mata kan tsamiyar.