Ruwan Sola a Gonata

A shekarar da aka hana sayar da fetur a jarka, mu manoman rani na gefen madatsar Goronyo muka ga ta kanmu. Hukuma ta ce ta jarka ake kai wa 'yan bindiga mai a daji. To mu fa? Injin ban ruwa ba ya shan addu'a. Albasata ta fara lanƙwasa kai, ni kuma ina sayen mai a ɓoye cikin gorar ruwa kamar ɓarawo.

Ana cikin haka wasu masu bincike suka zo daga jami'a, mata da maza, suna tambayar manoma yadda rashin tsaro ya taɓa mai da wuta da hanya. Ni suka fara samu. Wata malama ta tambaye ni mai nawa nake sha a mako, kuma a ina nake samu.

A lokacin, duk baƙon da ya tambaye ka zancen mai, ka san kana iya kwana a hannun hukuma. Kuma ni ba a haife ni in kai kuka gaban baƙo ba. Na gyara hula na ce, "Lahiya lau muke, Malama. Ba mu rasa komi ba, mun gode Allah."

Ta rubuta, ta yi godiya, ta tsallaka gonar taubashina, ɗan gwaggona da muke iyaka da shi. Wannan bakinsa ba ya da linzami tun muna yara. Ina jin sa yana zuba: babu mai, babu hanya, zuwa garin Giyawa ma sai da fargaba. Har da share ido!

Bayan damina sai ga mota da farantai na sola da famfo. Wata ƙungiya ta karanta binciken, ta zaɓi waɗanda suka fi buƙata. A gonar taubashina aka kafa.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushi har abinci ya daina yi mini daɗi. Na girme shi, na fi shi iya albasa, amma kullum rana ta fito sai ruwa ya hau gonarsa shiru, ba hayaƙi ba ƙara, ni ina fama da igiyar inji har kafaɗa ta sage. In na gaishe shi, haƙora kawai nake buɗewa.

Ranar da injina ya mutu gaba ɗaya, ya leƙo yana dariya. "Yaya, ja tiyo ka shayar. Ruwa na Allah na. Ko har yanzu ba ku rasa komi ba?"

Na ja tiyon, don ba zan bar albasa ta mutu saboda zuciya ba. Ta yi kyau a shekarar fiye da kullum. A kasuwa dillalai suna ta yaba ta, shi kuma yana tsaye a gefena yana amsa musu, "Madalla, madalla."