Wa Zai Zauna a Kujerar Malama Nevena?

Ranar Laraba, shida ga Nuwamba, 2019, Allah ya karɓi ran Malama Nevena Chakarova a gidanta da ke garin Gabrovo, bayan jinyar da ta ɓoye mana har ta ci ƙarfinta. Malama, labarin ya same ni a wata tashar manyan motoci a ƙasar Ostiriya, ina ɗumama miyar wake a kan risho. Ɗanki Boyan ne ya kira ni. Na kashe wutar, miyar kuma ban sha ba.

Na san ki shekaru kafin in ga fuskarki. A 1988 ina ɗalibi a ƙauyenmu na kan duwatsun Rodopi aka kawo wa makarantarmu kwamfuta guda ɗaya mai koren rubutu. Ana haɗa ta da wayar ofishin shugaban makaranta idan ya tafi cin abincin rana, ta yi ta ƙugi da tsuwa har ta isa ga wata na'ura da kika ajiye a ɗakin shirgin makarantarku. Wurin da muke haɗuwa a ciki kika sa masa suna Baranda. Yaran Vidin da na Burgas da na ƙauyukan da ba su cikin taswira duk nan muke kai tambayoyinmu na darasi.

Doka ɗaya kika kafa, kuma mun tsane ta. Ba wanda zai rubuta ko kalma ɗaya sai ya amsa tambayar da ta fi daɗewa tana jira. Ko ya amsa ma ƙofa ba ta buɗe masa sai mai tambayar ya danna "Na gamsu." Mitko na garin Ruse, wanda ya fi kowa surutu a cikinmu, ya taɓa yi miki ƙorafi cewa wannan ai zalunci ne. Kika ba shi amsa a gaban kowa: "Mitko, wanda ya zo Baranda da baki kawai, ya bar kunne a gida, ya koma ya ɗauko."

Ranar farko na zo da lissafin da ya gagare ni, sai na tarar wata yarinyar Burgas tana tambayar me ya sa tumaki ke ta tauna alhali ba ciyawa a gabansu. Ni da na ɗauka ban san komai ba a duniya, ashe tuƙar tunkiya ma ilimi ce. Na rubuta mata, ta ƙi gamsuwa. Na sake, ta ce ban yi bayani ba. Sai da na je na tambayi kakana sannan ta buɗe mini ƙofa. Wannan yarinyar, Rumyana, ita ce uwar 'ya'yana a yau, kuma har gobe ba ta cika gamsuwa da amsata ba.

Mun girma kafin mu gane aikin da kike yi a bayan fage. Duk tambayar da ta gagari kowa, ta tsayar da layi, ke ce kike zama a kujerar nan taki mai karyayyen hannu ki yi bincike ki amsa, don kada Baranda ta toshe. Kullum da safe haka kike yi. Lokacin da ake ɗauke wuta ana kawowa, layin burodi ya fi layin makaranta tsawo, ba ki fasa ba. Da makaranta ta ce na'urar ta tsufa za a zubar, a keken jaririn maƙwabciyarki kika tura ta har gida. Daga baya kika haɗa ta da intanet don mu same ki daga duk inda neman abinci ya jefa mu.

Da na zo gaishe ki karon farko, na zaci zan ga ƙatuwar mace. Sai ga 'yar ƙaramar tsohuwa da taba a hannu. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Kai ne na tumakin? Zauna ka ci wainar banitsa, ka rame kamar ba a girki a ƙauyenku."

Sannu a hankali muka watse. Rumyana tana Italiya tana jinyar tsohuwar wasu, Mitko yana Kanada yana rubuta wa kamfanoni manhaja, ni kuma gidana shi ne kan babbar mota. Makarantar ƙauyenmu an rufe ta, ba yaran da za su shiga. Tambayoyin Baranda ma suka sake kama. Ba a ƙara tambayar lissafi ba, sai maganin hawan jini, da yadda ake dawo da gawa gida daga Sifen. Mun ragu ƙwarai, amma muna shiga, domin nan ne kaɗai wurin da ba a ɗauke mu baƙi ba.

A watan Satumba kika yi abin da ba ki taɓa yi ba: kika sa taki tambayar a layi. "Wa zai zauna a kujerata?" Duk wanda ya shiga ita yake tararwa, kuma ba mai iya rubuta komai sai ya amsa. Muka yi ta shiga muna fita, kowa yana jiran wani. Na kira Mitko, ya ce, "Haba ɗan tumaki, kai da kake zaune a kujera wuni guda, wata kujerar za ta gagare ka?" Na ce ai shi ne gwanin na'ura. Muka yi dariya muka ajiye waya. Baranda ta yi tsit har Nuwamba ta kama, ke kuma kina kwance kina kallon wannan shirun. Ina jin haushinmu, Malama. Ina jin haushinki ma, da ba ki ce mana kina mutuwa ba.

Bayan kiran Boyan, a tashar nan, na buɗe wayata na shiga na rubuta, "Ni." Rubutu ya fito a ƙasa, wanda na sani tun ina yaro: "Ana jiran mai tambaya ya gamsu." A lokacin na tuna ba ki taɓa yi wa kanki ƙofar baya ba. Dokar da kika ɗora mana ita kike bi.

Mitko ya ce zai iya fasa dokar kafin kofi ya huce, amma muryarsa ba ta da ƙarfi. Na ce ya bari. In an fasa, wurin ba naki ba ne kuma. Gaskiya ita ce mai tuƙi daga ƙasa zuwa ƙasa ba zai riƙe kujerar safiya ba, na san haka tun ina rubuta amsar. Boyan ya yi mini magana a hankali, ya ce, "Yaya Stoil, ni ma komawa Madrid zan yi. Zan bar na'urar a kunne har addu'ar arba'in, daga nan sai haƙuri." Ban ga laifinsa ba. Dalilin da ya sa nake rubuta wannan ta'aziyya a jarida ke nan, domin inda ya kamata in rubuta ta a rufe yake.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Boyan da iyalinsa, da 'yar'uwarki Donka, da duk 'yan Baranda a inda suke warwatse. Allah ya jiƙan ki, Malama, ya gafarta miki, ya sa kin huta, ya saka miki da kowace safiya da kika ba 'ya'yan wasu. Mu kuma ya ba mu haƙuri.

Ranar arba'in za a raba dafaffiyar alkama a bakin kabarinki, Boyan ya koma gidanki ya zare wayar na'urar. Ni ina hanya ranar, an riga an ba ni kaya. Kafin nan kullum da safe ina shiga in duba. Amsata tana nan a ƙarƙashin tambayarki, ana jiran mai tambaya ya gamsu.