Manyan Kifaye Biyu a Ƙarƙashin Yayana

Yayana, wanda muke kira Hamma, ya yi ritaya daga aikin ofis bai taɓa kama ko tarwaɗa ɗaya ba. Amma a gidanmu na unguwar Gwadabawa a Jimeta babu wanda ya kai shi bayanin kifi. Da surukinsa ya dawo daga karatu a waje, sai ya kawo masa tsarabar na'urar gano kifi: ɗan akwati mai fuska irin ta waya, da wani abu kamar ƙwan agwagwa da ake nutsawa cikin ruwa. Wannan abin Hamma ya sa masa suna ido.

A jikin kwalin akwai hoton Bature zaune cikin wata kujerar iska a kan ruwa. Hamma ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Ai wannan tub ne kawai aka yi wa ado."

Washegari muka je wurin mai faci a Jimeta, muka ɗauko tub ɗin tayar tirela mai faci bakwai. Aka saƙa igiya a tsakiya ta zama wurin zama. Saura wutar da za ta kunna na'urar. Maƙwabcinmu, ɗan ƙabilar Bacama ne, tsohon malamin firamare da ya tashi a bakin kogi, ya ara mana batirin babur ɗinsa, ya ja kunnenmu kada ruwa ya taɓa shi. Hamma ya shiga kicin ya ɗauko kular tuwon matarsa, ya sa batirin a ciki, ya huda murfin da ƙusa mai zafi, ya zura waya. Matar ta tsaya a ƙofa tana kallo. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya sa kifin ya iya tuƙa tuwo."

Akwatin muka ɗaure a kan katakon yanka albasa, idon kuma a ƙarshen sandar mofa ta goge ƙasa, muka naɗe komai da igiyar roba.

Ranar Asabar da hantsi muka loda kayan a keke mai ƙafa uku, ni da Hamma da maƙwabcin, sai tafkin Geriyo. Masunta suka bar gyaran komarsu suka taru. Hamma ya naɗe wando, ya zauna cikin tub ɗin, ƙafafunsa na lilo a ruwa, ya riƙe farantai biyu a madadin filafili. Bai yi nisa ba na'urar ta fara ƙara.

"Ga su nan!" ya ɗaga murya. "Manya biyu, daidai ƙarƙashina! Giwan ruwa ne!"

Ya jefa fatsa, shiru. Ya matsa gaba, kifayen suka bi shi. Ya koma hagu, suna nan. Ya yi ta yi mana bayani daga tsakiyar ruwa cewa babban kifi yana son inuwa, kuma masuntanmu sun daɗe suna aiki cikin duhun kai. Masuntan suna ji.

Can wani dattijo cikinsu ya tura kwalekwalensa ya je kusa, ya leƙa fuskar na'urar, ya leƙa ruwan.

"Alhaji, ɗaga ƙafarka ta dama."

Hamma ya ɗaga. Kifi ɗaya ya ɓace.

"To, ɗaga ɗayar."

A fuskar na'urar, tafkin ya zama babu kowa. Ashe sandar mofar ce ta karkace, idon ya juyo yana kallon ƙafafunsa tun da ya shiga.

Babu wanda ya yi dariya a fili, sai maƙwabcin nan da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Dattijon ya miƙe sandar da hannunsa, ya ƙara mata ɗauri, ya nuna wa Hamma wani gefe mai ciyawa da ko na'urar ba a tambaya ba. A nan ya kama karfasa uku, kowace ba ta wuce tafin hannu ba.

A keke muna dawowa Hamma ya ce, "Ka dai ga na'urar tana aiki. Duk abin da ke cikin ruwa sai da ta nuna."

Na ce, "Haka ne, Hamma."

Bayan mako biyu injin ban ruwan wani manomin shinkafa ya zame cikin tafkin. Dattijon masuncin ya zo har gida neman Hamma. Da na'urar aka gano inda injin ya kwanta, aka janyo shi da igiya. Ranar Hamma bai shiga ruwa ba, yana tsaye a gaɓa cikin babbar riga yana ba da umarni.