Kallon taurari a gidan Auta

Ranin da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da tara. Da muka gama ɗaure gero muka zuba a rumbu, sai na bar ƙauyenmu da ke arewa da Mayahi na sauka Tasawa, gidan ƙanena, autanmu, wanda ke aiki a biro, wato ofis. Karatu na ce ya kawo ni, kuma gaskiya ne. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina son in zauna da Auta mu yi hira irin wadda yake yi da abokansa, don tun da ya tafi lakwal, makarantar boko, a Maraɗi, tsakaninmu sai gaisuwa.

Da hantsi nake zuwa aji. Bayan la'asar kuwa abokansa uku kan taru a rumfar gidan, a ɗora shayi, a kunna tele. Wani dogon fim suke bi kashi-kashi, na mutanen da suka bar duniya cikin jirgi mai girman gari, suna neman wurin zama a tsakanin taurari. Auta ya ce duniya duk ta yarda ba a taɓa yin irinsa ba. Yana da littattafan irin wannan labari ma, na Faransanci, kanta guda. Na roƙe shi ya juya mini shafi ɗaya da Hausa a cikin kayena, littafin da nake rubutu a aji. Kwana huɗu ina bin shafin nan da yatsa. Babu kalmar da ta gagare ni, amma wani ƙarfe ne ke gardama da wani ƙarfe a kan lokaci, kuma na kai ƙarshe ban ji tausayin ko ɗayansu ba.

Na ce laifina ne. Mutum ba ya zagin sabuwar gona a shekarar farko. Sai na riƙa zama tare da su kullum, ina ɓoye hamma a cikin rawani.

Mutanen jirgin nan ba su sallama. Ƙofa ce ke buɗe kanta, mutum ya faɗo ɗaki ya kama magana, ba ya tambayar iyali, ba ya tambayar gajiya. Babu rana balle inuwa. Ran nan na kasa haƙuri.

"Auta, waɗanga mutane ina suke ɗebo ruwa?"

Ɗaya daga cikin abokan, wani mai tabarau, ya ce, "Baba, fitsarinsu suke tacewa su sha."

Na dubi Auta, ya ce haka ne. Na ce, "To, Allah ya ba su lafiya. Ashe abin da suka bar gida dominsa ke nan."

Suka yi dariya har mai tabarau ya zubar da shayinsa. Ni ma na yi. Rabon da in ba Auta dariya tun yana yaro.

Daga ranar sai aka fara jirana. In na makara, daga bakin ƙofa zan ji ana cewa, "Kada a kunna, Yaya bai zo ba." Aka ba ni kujerar gaba, aka ba ni kofin farko. Na kira mai ɗakina na ce mata ni da Auta yanzu muna hira. Fim ɗin dai bai taɓa yi mini daɗi ba, amma a hanyar dawowa daga aji nakan tanadi abin da zan tambaya. Da wani ya mutu a jirgin, suka sa shi a akwati suka tura shi waje, na yi salati na ce wa ya yi masa wanka, kuma ta ina suka gane alƙibla. Wayar Auta kullum tana jingine da gwangwanin sukari, tana fuskantata. Na ɗauka wurin ajiyarta ke nan.

Wata Laraba ana tsakiyar kallo aka ɗauke wuta. Auta ya tashi zai zaga bayi, ya miƙo mini wayar tana kunne.

"Riƙe mini, Yaya."

Wata uku ina zuwa aji daga gidansa, shi ya sayo mini bik ɗin rubutu, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa karatun ya zauna ba. Na duba sai na ga fuskata, baki buɗe, hannu a sama. A ƙasa akwai rubutu da Hausa. Na bi shi baƙi bayan baƙi, yadda malamarmu ta koya mana. An rubuta: "Baƙauye a sararin samaniya, kashi na tara." Mutane da yawa sun amsa. Wani ya ce a tambaye ni ko jakina zai samu wuri a jirgin. Wata ta ce ta nuna wa 'yan biro ɗinsu a Yamai. Sai na zo kan na Auta, kusa da ɗan hotonsa: "Gadon da baba ya bar mini ke nan. Ku yi haƙuri, warin daddawa ba ya fitowa ta waya."

Da ya dawo yana yarfe hannu, na ɗaga wayar na karanta masa maganarsa da ƙarfi. A hankali nake karatu, don haka ta daɗe kafin ta ƙare. Sai mai tabarau ya tafa.

"Kai! Ashe ya iya! Maza ɗauki wanga, ya fi na alƙibla!"

Na dubi Auta. Kalma ɗaya nake jira daga bakinsa, kowace iri ce. Ya karɓi wayarsa ya goge ta da gefen riga.

"Haba, Yaya, wasa ne. Mutane son ka suke yi."

Na ce, "Ni ba taubashinka ba ne, Auta. Nono ɗaya muka sha."

Ya ce, "To, ai shi ya sa ban ɗauko wani ba."

Suka sake fashewa. Ana cikin haka wuta ta dawo, tele ta kama, suka juya wajenta.

Saura mako biyar a rufe aji, kuma ban ga dalilin da zan bar karatuna ba. Na naɗe tabarmata na koma zauren wani ɗan ƙauyenmu mai sayar da fata a bayan kasuwa. Kwana shida bayan haka saƙo ya shigo 'yar wayata. Shi ne karo na farko da Auta ya taɓa rubuto mini saƙo. Na zauna a kan buhu na karanta: "Yaya ka dawo gida. Mutane suna ta tambayar kashi na goma."

Na mayar da wayar aljihu, na taya mai zauren shanya fata.